Gani Ya Kori Ji: Binciken Farfesa Tim Cook Kan Bututun Numfashi Da Inda Asibitocinmu Suka Tsaya

Mai karatu, idan kana bibiyar shafukan jami'o'inmu a Facebook, ka saba ganin wata sanarwa da ke fitowa kusan kowace shekara: hoton wani farfesa, ana taya shi murnar shiga jerin kashi 2 cikin 100 na masanan da aka fi kafa hujja da ayyukansu a duniya. Farfesa John Ioannidis na Jami'ar Stanford ta Amurka da abokan aikinsa ne ke haɗa wannan jeri, da alƙaluman kamfanin ɗab'i na Elsevier. Abin alfahari ne, kuma duk wanda ya shiga ya sha wahala kafin ya kai can.

Sai dai a farkon 2025 mujallar Lancet ta buga wani bincike da ya kamata ya fi wancan jerin ɗaukar hankalinmu. An shiga asibitoci 180 a ƙasashen Afirka 22, har da Najeriya, Gana da Sudan, aka duba manyan majinyata 19,872 da ke kwance. Mutum 1 cikin kowane 8 yana cikin mawuyacin hali. Daga cikin waɗannan, kusan kashi 21 cikin 100 sun rasu cikin kwana 7. Kuma mafi yawansu, wajen kashi biyu cikin uku, a ɗakunan kwanciya na gama-gari suke, ba a sashen kulawa ta musamman da aka fi sani da ICU ba.

Idan ka ɗora waɗannan labarai biyu gefe da gefe, tambaya za ta taso: a cikin dubban takardun da likitoci ke bugawa, wanne ne yake isa bakin gadon majinyaci? Domin amsa wannan, zan ɗauki aikin mutum ɗaya in auna maka shi, a fannin da minti biyar ke raba mai rai da gawa, wato kula da hanyar numfashi.

Me ake nufi da kula da hanyar numfashi?

A cikin wuyanka hanyoyi biyu ne ke jere. Ta gaba hanyar iska ce, mai zuwa huhu. Ta baya hanyar abinci ce, mai zuwa tumbi. Idan aka ba mutum maganin barci mai ƙarfi domin tiyata, ko ya suma saboda hatsarin mota, jijjigar masu ciki, ko cutar da ta ci jini, ba ya iya riƙe hanyar iskarsa a buɗe. Harshe na iya faɗawa baya ya toshe ta, abin da ke cikin tumbi na iya tasowa ya gangara huhu. Shi ya sa ake zura bututun roba ta baki zuwa hanyar iska, a haɗa shi da jakar hura iska ko na'urar taimaka wa numfashi.

Aikin da wuya ya kai minti ɗaya idan komai ya tafi daidai. Amma hanyoyin biyu maƙwabta ne, kuma bututun na iya zamewa ya shiga ta abinci. Wannan kuskure yana faruwa ga kowa, har da ƙwararren da ya shekara talatin yana aikin. Faruwarsa ba ta kisa. Rashin gane cewa ya faru shi ne ke kisa, domin iskar da ake hurawa tumbi take tafiya, ƙwaƙwalwa kuma ba ta jure rashin oksijin fiye da 'yan mintoci kafin ta fara lalacewar da ba ta gyaruwa.

Wannan fanni ya daɗe da samun masu binciken da aikinsu ya shiga hannun kowane likita. Idan an taɓa ce maka ka buɗe baki ka fito da harshe kafin tiyata, gwajin Dakta Seshagiri Mallampati aka yi maka, ɗan asalin Indiya da ya yi aiki a Boston, wanda ya buga bincikensa a 1985. Dakta Archie Brain na Birtaniya kuwa ya ƙirƙiro wata roba da ke zama a saman maƙogwaro ba tare da shiga cikinsa ba, ya buga bayaninta a 1983, kuma a yau ita ake fara nema idan bututu ya ƙi shiga. Su waɗannan kayan aiki suka bar mana. Farfesa Tim Cook ya bi wata hanya daban: ya ƙirga inda ake kuskure.

Wane ne shi, kuma me ya yi?

Tim Cook likitan sa barci ne da kula da masu tsananin rashin lafiya a asibitin Royal United da ke garin Bath a Ingila. Asibiti ne na yanki, ba ɗaya daga cikin manyan cibiyoyin Landan ba, kuma wannan abin lura ne a gare mu. Sunansa ya fito ne ta jerin binciken bin diddigi na ƙasa da Kwalejin Likitocin Sa Barci ta Birtaniya ke gudanarwa, waɗanda ake kira NAP. Wanda ya fi tasiri shi ne na huɗu, NAP4, da ya jagoranta tare da Dakta Nick Woodall da Dakta Chris Frerk, da haɗin gwiwar ƙungiyar likitoci masu nazarin hanyar numfashi mai wuyar sha'ani, wato DAS. Rahoton ya fito a watan Maris na 2011.

Tsarin binciken mai sauƙin faɗa ne, mai wuyar aiwatarwa. Tsawon shekara guda, daga Satumban 2008, an nemi asibitocin gwamnati 309 su kawo rahoton duk majinyacin da matsalar hanyar numfashi ta jawo masa mutuwa, lalacewar ƙwaƙwalwa, huda wuya na gaggawa, ko kwanciyar da ba a shirya ba a ICU. An ɓoye sunan majinyaci, na likita da na asibiti, ta yadda kwamitin da ke nazari bai san daga ina labarin ya fito ba. A gefe guda aka ƙirga yawan mutanen da ake sa wa barci gaba ɗaya a ƙasar, aka samu kimanin miliyan 2.9 a shekara. Da wannan ne aka iya cewa abu kaza yana faruwa sau kaza cikin kaza.

An tattara rahotanni 184: 133 daga ɗakin tiyata, 36 daga ICU, 15 daga sashen agajin gaggawa. Mutum 38 suka rasu. A ɗakin tiyata, babbar matsala na faruwa kusan sau 1 cikin 22,000, mutuwa kuma sau 1 cikin 180,000. Babban abin da ya kashe mutane a nan shi ne abin cikin tumbi ya taso ya shiga huhu.

Abin da ya girgiza likitoci shi ne ICU. Rahotanni 133 na ɗakin tiyata sun ƙunshi mutuwa 16. Rahotanni 36 kacal na ICU sun ƙunshi mutuwa 18. Wato wurin da ake ganin ya fi ko'ina tsaro a asibiti, nan ne matsalar hanyar numfashi ta fi zama ajali: kusan kashi 60 cikin 100 na waɗanda abin ya shafa a can sun rasu ko ƙwaƙwalwarsu ta lalace. Da yawa bututun da aka huda wuya aka saka musu ne ya goce, sau da yawa da dare, ko lokacin da ake juya su a gado, ga ƙananan likitoci kaɗai a bakin aiki. Masu ƙiba sun fi shiga haɗarin. Kuma a fiye da kashi 70 cikin 100 na mace-macen ICU, kwamitin ya ce rashin amfani da wata na'ura ɗaya ya taimaka wajen rasa ran.

Na'urar da ke nuna gaskiyar bututu

Sunanta kafnograf. Aikinta auna iskar kabon dayoksaid da huhu ke fitarwa a kowane numfashi, ta zana shi a allo kamar jerin tuddai. Huhu ne ke fitar da wannan iska a kai a kai, tumbi ba ya yi. Idan bututu na hanyar iska, tuddan za su riƙa tashi suna sauka. Idan yana hanyar abinci, layin zai kwanta.

Za ka iya cewa, ai likita na da abin sauraren ƙirji. Gaskiya ne, kuma haka aka koya mana a makaranta: ka saurari ɓangarorin ƙirji biyu, ka duba ko ƙirjin na ɗagawa, ka ga ko bututu ya yi raɓa. Matsalar ita ce duk alamun nan uku suna iya bayyana alhali bututun na hanyar abinci. Iskar da ke shiga tumbi tana ba da sautin da kunne ke ɗauka na huhu ne, musamman a ɗaki mai hayaniya da likitan da ke fatan jin abin da yake so ya ji. Na'urar da ake maƙalawa a yatsa mai auna oksijin ma tana makara, domin idan an cika huhun mutum da oksijin kafin a fara, lambar kan iya zama lafiya na wasu mintoci kafin ta faɗi. Kafnograf kuwa cikin 'yan numfashi kaɗan take tona asiri. Hausawa sun riga sun faɗa: gani ya kori ji.

Akwai wani kuskuren da NAP4 ya bankaɗo. Wasu likitoci kan ga layi a kwance su ce ai zuciya ce ta tsaya, shi ya sa. Alhali ko zuciya ta tsaya, muddin ana danna ƙirji kuma bututu na inda ya dace, za a ga ƙananan tuddai. Da aka ci gaba da samun irin waɗannan mace-mace, a 2018 kwalejin da ƙungiyar DAS suka ƙaddamar da gangamin wayar da kai, Cook na cikin jagororinsa, da saƙo ɗaya tak: in babu zane a allo, bututun ba ya inda ya kamata.

Daga takarda zuwa bakin gado

Yadda aka saba auna tasirin masani shi ne a ƙirga sau nawa wasu suka ambaci takardunsa. Akwai ma'aunin h, wanda masanin fiziks Jorge Hirsch ya fito da shi a 2005: idan aka ce ma'auninka 20 ne, kana da takardu 20 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 20. Ta wannan fuska, takardun NAP4 biyu da mujallar British Journal of Anaesthesia ta buga a 2011 suna cikin waɗanda aka fi ambato a fannin. Amma ka ajiye ƙirga, ka dubi abin da ya sauya a aikace.

Na farko, ƙa'idojin DAS na 2015 sun ƙayyade yawan gwada zura bututu zuwa sau uku, da ƙarin ɗaya ga wanda ya fi ƙwarewa, saboda NAP4 ya nuna nacewa kan abin da ya ƙi yana kumbura maƙogwaro har iska ta kasa wucewa gaba ɗaya. Na biyu, an koma koyar da huda wuya da aska a lokacin gaggawa, domin hanyar allura da aka saba ta gaza a kusan kashi 60 cikin 100 na lokutan da aka gwada ta a rahoton. Na uku, a 2018 aka fitar da ƙa'idoji na musamman kan zura bututu ga masu tsananin rashin lafiya, Cook na cikin marubutan. Kafnograf ta zama abin da ake sa ran gani a gefen kowane majinyaci mai bututu a ICU na Birtaniya. Su masu binciken ma ba su tsaya nan ba: sun koma suka tambayi asibitoci ko sun aiwatar da shawarwarin, suka buga sakamakon a 2016, inda aka ga sauyin ya fi yawa a ICU.

Da korona ta zo, a Maris na 2020 shi ne marubuci na farko a ƙa'idojin Birtaniya na yadda za a zura wa masu cutar bututu ba tare da ma'aikata sun kamu ba, kuma an yi amfani da su a ƙasashe da dama. A 2022 yana cikin ƙwararrun ƙasa da ƙasa da suka fitar da matsaya kan hana barin bututu a hanyar abinci. Matsayar ta ce dole a ga tuddan suna tashi da sauka aƙalla numfashi 7 a jere ba tare da suna ƙanƙancewa ba, mutum biyu su duba su faɗa da baki, kuma idan ba a gani ba, abin da za a fara yi shi ne cire bututun. Ta kuma ce kada a dogara da sauraren ƙirji ko raɓar bututu wajen kore shakka.

Wasu masu binciken sun ɗora a kan wannan harsashi. Binciken INTUBE da mujallar JAMA ta buga a 2021 ya bi majinyata 2,964 masu tsananin ciwo a cibiyoyi 197 na ƙasashe 29. Kashi 45 cikin 100 sun gamu da babbar matsala lokacin zura bututu: hawan jini ya faɗi ga kusan kashi 43, oksijin ya yi mummunar faɗuwa ga kashi 9, zuciya ta tsaya ga kashi 3. Kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai aka tabbatar da bututunsu da kafnograf, shekara goma bayan NAP4. A 2023 gwajin DEVICE a Amurka, mai majinyata 1,417, ya nuna cewa ƙarfen leƙa maƙogwaro mai kyamara yana sa a yi nasara a gwajin farko kashi 85 cikin 100, wanda ba shi da kyamara kuma kashi 71. Sashen da Cook ke aiki a Bath ya riga ya koma amfani da mai kyamara ga kowane majinyaci, ya kuma buga yadda ya yi a 2018.

Inda aikin ke da iyaka

Adalci ne in gaya maka rauninsa. NAP4 ya dogara ne da rahoton da likitoci suka kawo da kansu, kuma marubutan sun ƙiyasta cewa mai yiwuwa kashi ɗaya cikin huɗu na abubuwan da suka faru ne kawai ya iso gare su. Saboda haka alƙaluman 1 cikin 22,000 da 1 cikin 180,000 mafi ƙarancin abin da ke faruwa ne. Haka kuma hukuncin cewa kafnograf da ta ceci wane ra'ayin kwamitin ƙwararru ne bayan abu ya riga ya faru, kuma kowa gwani ne bayan an gama. Sannan alƙaluman Birtaniya ne, ƙasar da ke da wuta dare da rana da likitoci a kowane ɗakin tiyata. Ba za a kwafo su a liƙa wa Gusau ko Maraɗi ba.

Babban darasin ma daga gazawa ya fito. A 2020, shekara tara bayan rahoton, wata mata ta rasu a Ingila bayan an sa mata barci domin tiyatar gaggawa, saboda bututu ya zauna a hanyar abinci, ga na'urori a ɗakin. Mai binciken musabbabin mutuwa ya gano cewa an yi wa allon gurguwar fahimta, kuma tsarin babba da ƙarami ya hana wasu ɗaga murya. Wannan ya kamata ya tsaya mana a rai. Mu da aka rene mu da kunya da girmama na gaba, ƙaramin likita ko nas zai iya cewa babban likita, ranka ya daɗe, ban ga zane ba, a cire bututun nan? Idan ba zai iya ba, ko an sayo na'urar ado za ta zama. Shi ya sa matsayar 2022 ta wajabta mutum biyu su faɗa da baki: domin magana ta zama aikin ƙarami, kada a ɗauke ta rashin ladabi.

To, mu fa?

Bari in ba ka labarin da na gani. Lokacin da nake hidimar ƙasa a wani babban asibiti na ƙaramar hukuma, aka kawo wata mai ciki cikin dare tana jijjiga. Yanayinta bai ba da damar allurar kashin baya ba, dole a sa ta barci gaba ɗaya a ciro jariri. Nas mai sa barci, dattijo ne da ya fi ni sanin aikin nesa ba kusa ba, ya zura bututu, ya saurari ƙirji, ni ma na saurara, duk muka ji iska. Ba mu da kafnograf. Na ɗauki aska ke nan sai ƙarar na'urar yatsa ta fara sauya, lamba na gangarowa, saman cikinta kuma yana tashi da kowace hurawa. Bai tsaya gardama da kunnensa ba. Ya zare bututun, ya hura mata iska ta marufin fuska, ya sake zurawa. Uwa da ɗa suka rayu.

Abin da ya fi damuna yanzu shi ne babu inda aka rubuta wannan. Ba mu ɓoye da gangan ba, babu dai littafi ko fom da aka tanada domin abin da ya kusa faruwa. Da ta rasu, da an ce jijjiga ce, dangi su ce kwana ya ƙare, kuma babu wanda zai san bututu ne. Mun yarda ajali na hannun Allah, amma wannan bai ɗauke mana nauyin sanin abin da hannunmu ya yi ba.

Alƙaluman da ake da su sun nuna girman giɓin. Ƙididdigar ƙungiyar likitocin sa barci ta duniya, WFSA, ta 2017 ta sa Najeriya cikin ƙasashen da ba su kai likitan sa barci 1 ga mutum 100,000 ba, alhali ƙungiyar na neman aƙalla 5. Binciken ASOS da Lancet ta buga a 2018, mai majinyata 11,422 a ƙasashen Afirka 25, ya nuna cewa haɗarin mutuwa bayan tiyata a nan ya ninka matsakaicin duniya sau biyu, duk da cewa majinyatanmu sun fi ƙuruciya. Ɓangarensa na masu haihuwa, wanda ya fito a 2019, ya nuna mutuwar uwa bayan tiyatar ciro jariri ta ninka ta ƙasashe masu arziki kusan sau 50.

A kudancin Malawi an gwada abin kai tsaye. An tarar kashi 97 cikin 100 na ɗakunan tiyata ba su da kafnograf, ICU kuwa babu ko ɗaya mai ita. Aka raba na'urorin, aka koyar da ma'aikata. Cikin wata 6 suka ba da rahoton gano bututu 44 da ya shiga hanyar abinci. Ka tuna, ba na'urar ce ta kawo kuskuren ba, da ma yana faruwa. Abin da ya ci Doma kuwa ba ya barin Awe.

Tsada ce aka daɗe ana kafa hujja da ita. Ƙa'idojin Hukumar Lafiya ta Duniya da WFSA na 2018 sun sa na'urar yatsa a matakin abin da ba a tiyata sai da shi, kafnograf kuwa mataki ɗaya ƙasa, sai an samu mai ƙarko da araha. A 2023 ƙungiyoyin agaji na Lifebox da Smile Train suka fito da irin wannan na'ura domin asibitocin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. A watan Mayun shekarar kuma babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da ƙuduri kan haɗa agajin gaggawa, kulawa ta musamman da tiyata cikin tsarin lafiya na kowa, da wani kan wadata asibitoci da oksijin. Hujjar tsada ta fara rauni. Jihar da ke iya gina sabon ɗakin tiyata tana iya sa kafnograf a cikinsa.

Abin da za mu kwaikwaya

A jami'o'inmu ƙarin girma na tafiya ne da yawan takardu. Sakamakon haka matashin likita ya fi samun lada idan ya raba wa mutum 200 takardar tambayoyi ya buga cikin wata uku, a kan ya shekara biyu yana haɗa asibitoci 30 su ƙirga matsalolinsu. Ban raina kowane bincike ba, ni ma na yi irin na farkon. Amma NAP4 bai buƙaci ɗakin gwaji mai tsada ba. Abin da ya buƙata shi ne tambaya mai kyau, haɗin kan asibitoci, da amanar cewa wanda ya faɗi kuskurensa ba za a tozarta shi ba.

Muna da tushen da za mu fara da shi. Akwai tsarin bin diddigin mutuwar masu juna biyu da jarirai, MPDSR, da ke aiki a jihohi. Akwai ƙungiyar likitocin sa barci ta Najeriya, da kwalejojin horar da ƙwararru na ƙasa da na Afirka ta Yamma. Akwai asibitocin koyarwa a Kano, Zariya, Sakkwato da Maiduguri, kowanne da manyan asibitocin jihohi a kewayensa. Akwai TETFund mai ba da kuɗin bincike. Idan waɗannan suka haɗu na shekara guda suka ƙirga bututu nawa aka zura, nawa aka tabbatar da kafnograf, mutum nawa suka rasu ko suka kusa, za mu samu alƙalumanmu da za a ajiye gaban kwamishinan lafiya. Kuma dole a sa nas-nas masu sa barci a ciki tun daga farko, domin su ne ke riƙe da mafi yawan ɗakunan tiyata a wajen manyan birane.

Abin da ya rage gare ka

Idan kai ko wani naka za a yi wa tiyatar da aka tsara, ka nemi ganin wanda zai sa barci kafin ranar. Ka gaya masa idan kana minshari mai ƙarfi, idan kana da haƙori mai girgiɗi ko na roba, idan bakinka ba ya buɗewa sosai, idan kana yawan ƙwarnafi, ko an taɓa ce maka an sha wahalar zura maka bututu. Ka kiyaye umarnin rashin ci: yawanci awa 6 ga abinci, awa 2 ga ruwa zalla, sai dai idan likitanka ya ce maka wani abu daban. Koko da shayi mai madara abinci ne a wannan lissafi. Idan majinyaci ya ci wani abu a ɓoye, faɗa wa likita ya fi ɓoyewa, domin ɗage tiyata ya fi abinci a huhu sauƙi.

Kana kuma da ikon tambaya cikin ladabi: idan za a sa bututu, akwai na'urar da ke auna iskar da ake fitarwa? Idan tiyatar gaggawa ce, kada rashin na'urar ya sa ka hana a yi, domin jinkirin na iya fin haɗari. Amma idan akwai lokaci da zaɓi, amsar ta cancanci shiga lissafinka kamar yadda kuɗin gado ke shiga.

Idan kuwa ma'aikacin lafiya ne kai, fara daga ɗakinka. Ka buɗe littafi na abin da ya kusa faruwa, ba tare da sunan kowa ba, ku zauna a kansa sau ɗaya a wata. Kafin a zura bututu ku faɗa da baki abin da za a yi idan ya ƙi shiga, da wanda za a kira. Idan kuna da kafnograf a kulle a sito saboda igiyarta ta lalace, ka rubuta wa shugaban asibiti, ka ajiye kwafi. Idan kai ne babba, ka gaya wa na ƙasa da kai tun kafin a fara cewa kana son su yi magana, kuma ranar da suka yi, ko da sun yi kuskure, ka gode musu a gaban kowa.